Gutsuren da Ya Ƙi Bin Takarda

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, abin da zan yi magana a kansa kuwa na masu ilimi ne, kuma ina tsoron in faɗi wani abu ba daidai ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi ya cutu, alhaki ya hau kaina. Ban da wannan, maganar ta shafi mutanen da muke ci a kwano ɗaya, ba na so su karanta su ga kamar ƙararsu na kai. Don haka ba zan kama sunan kowa ba, har nawa. Abin da ya rinjaye ni a ƙarshe shi ne akwai abin da nake neman sani game da idona na dama. Na tambayi duk wanda bakina ya kai gare shi, ban sami amsar da zan kwana a kanta ba.

Asalin sana'ata sassaƙa hatimi ce. A Ƙofar Dumi na koya, wajen wani dattijo mai teburi a bakin lungu, kusa da masu ɗinkin hula. Ana kawo mana sunan makaranta ko na ƙungiya ko na ofis, mu zana haruffan a juye a kan roba, mu bi su da tsinin reza da aka karya aka ɗaure a jikin tsinke. Ranar da na fara, dattijon ya ba ni gilashin nan na masu gyaran agogo, ya ce in maƙala a idon dama in rufe na hagu. Ya ce ido biyu na tafiya a hanya ne, aiki kuwa ido ɗaya ke yin sa. Haka na tashi. Abin ya bi jikina har ta kai ko ƙaya zan cire a ƙafa, ko zare zan sa wa mai ɗakina a allura, sai idon hagu ya rufe kansa ban sani ba.

Da injuna suka shigo gari, hatimin hannu ya mutu a tsaye. Ina zaune ina korar ƙuda sai taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, ya sayi injin leza ya buɗe shago ta wajen Wunti. Ya tako har gida ya ce in zo in riƙe masa injin. Wai ya duba dangi kaf bai ga mai tsoron ɓarna kamata ba, ni ko ƙwai aka ba ni ajiya sai na riƙa tashi ina duba ko yana numfashi. Wasa ne tsakaninmu tun muna yara, ban ji haushi ba. Na yi istihara, na tafi.

Mu uku ne a shagon. Taubashina yana karɓar aiki yana ciniki da mutane. Akwai wata mata daga wajen Bogoro, matar aure ce mai 'ya'ya, ita ke zana duk abin da za a yanka a kwamfuta, muna ce mata mai zane. Ita kuma Baba take ce mini, ko da yake ban haife ta ba. Ni nawa shi ne injin. Muna yin allunan karramawa, da maƙalan makulli na rabon biki, da sunayen da ake kafawa a ƙofar ofis, da hatimi ma, wanda injin ke gamawa kafin in gama alwala.

Bari in kwatanta injin yadda na fahimce shi, masana su gafarce ni. Akwati ne babba mai murfi, kamar firij da aka kwantar. A bayansa akwai doguwar kwalba ta gilashi, ruwa yana zagayawa a cikinta don kada ta yi zafi. Daga bakin kwalbar nan haske ke fitowa, ya bugi madubi, madubin ya miƙa shi ga wani, wannan ya miƙa ga na uku, sannan ya sauko ta cikin wata ƙwayar gilashi da ke tattara shi ya zama tsini, tsinin nan ne ke cin katako da roba. Abin da ya fara tayar mini da hankali tun ranar farko shi ne hasken ba ya ganuwa. Akwai wani jan ɗigo da ake gani, amma wannan ɗan jagora ne kawai, yana nuna inda wutar za ta sauka. Ita wutar kanta tana wucewa ta cikin iska babu launi babu ƙara. Wuƙa ce da ba ka ganin ta, sai dai ka ga inda ta yanka.

To yaya za ka san wuƙar da ba ka gani tana da kaifi ko ta dakushe? Mutumin da ya zo daga Kano ya haɗa injin shi ya koya mini. Za ka liƙa salatif na takarda a gaban madubi, ka danna maɓalli sau ɗaya, ƙyas, hasken ya bar ƙuna a jiki. Wannan ƙunar ita ce hoton hasken. Idan lafiya yake, za ka ga ɗigo zagayayye kamar ƙwayar dawa, tsakiyarsa ta fi baƙi, gefensa yana shuɗewa a hankali daidai ta kowane ɓangare. Idan ka ga ya yi tsawo kamar wake, ko ya rabu biyu, ko tsakiyarsa ta yi fari gefen ya yi baƙi kamar zobe, to akwai matsala: ko madubi ya yi datti, ko ya goce, ko kwalbar ta fara gajiya. Sannan ka kai kan injin, wato ɓangaren da ke yawo da ƙwayar gilashin nan, kusurwar kusa ka ƙona, ka kai shi kusurwar nesa ka sake ƙonawa a kan takardar nan, dole ƙuna biyun su hau kan juna su zama ɗaya. Ya kuma nuna mini yadda ake harba hasken cikin gutsuren roba mai kauri mai kama da gilashi, ka duba ta gefe, ka ga ramin ya yi siffar ƙaya, faɗi a sama tsini a ƙasa, ba karkacewa. Da yadda ake jingine katako a karkace a ja layi a kai, inda layin ya fi siranta nan ne tsinin hasken yake.

Duk wannan da ido ake yi. Babu ma'auni, babu agogo mai nuna lamba. Shi ya sa aikin ya dace da ni, kuma shi ya sa na ɗauke shi da nauyi. Kowace safiya, kafin a sa katakon kowa, sai na ƙona takarda na ɓare ta na fito bakin ƙofa inda haske yake, na maƙala gilashina na da, na rufe idon hagu na duba. Sai na ce ya yi, sannan a fara aiki. Taubashina yakan ce limamin injin ya ba da izini, a ta da sallah.

Akwai abu guda da dole in faɗa, ba don in ɗora wa wani laifi ba. An ƙera injin ne yadda in murfinsa yana buɗe hasken ba zai fita ba. Amma gwajin nan yana son hannu a ciki, a liƙa a ɓare, a murɗa sukurorin madubi a sake gwadawa. Shi mai haɗa injin da kansa ya naɗe ɗan gutsuren kwali ya cusa a makunnin murfin, don injin ya zaci a rufe yake. Ya ce kowa haka yake yi. Kwalin nan ya zauna a wurin shekara da shekaru, har muka manta ba da shi injin ya zo ba. Ni kuma, duk da tsorona, nakan sunkuya in leƙa lokacin da nake dannawa, saboda ina son ganin ɗan farin tartsatsin da ke tashi a kan takardar. Ina ganin kamar ta nan ma ina gane ƙarfin wutar.

Wata safiya cikin bazara, lokacin da zafin Bauchi ke sa kwano ya riƙa ƙara, na ƙona takarda na fito na duba, sai na ga ɗigon ba zagayayye ba ne. Gefensa na sama ta hannun hagu ya lotsa, kamar ƙosan da yaro ya ɗan gutsura ya mayar cikin tire. Na sake wata takarda, haka. Na goge madubai da auduga da sifirit, na sake, haka. A ranar muna da aikin maƙalan makulli na wani biki, masu shi suna jira. Na ce ba za a fara ba.

Taubashina ya karɓi takardar ya ɗaga sama ya duba, ya ce shi dai da'ira yake gani. Mai zane ta duba ta ce ita ma haka. Ban yi mamaki ba, domin na saba ganin abin da ba su gani, ai don haka aka ɗauke ni. Na ce musu idon da bai sassaƙa harafi a kan roba ba ba zai gane wannan ba. Allah Ya yafe mini wannan maganar.

Kwanakin da suka biyo baya ban bar abin da ban zarga ba. Na ce ruwan kwalba ne ya yi zafi, na zubar na sake sabo. Na ce janareta ne ba ya ba da wuta daidai, muka jira aka kawo ta gari, gutsuren yana nan. Na ce ko gizo-gizo ne ya yi saƙa a bakin kwalba, na haska ban ga kome ba. Daga nan na shiga murɗa sukurorin madubai, wannan kaɗan, wancan kaɗan, ina bin gutsuren ina son in kore shi. Madubin da yake zaune lafiya na tayar da shi, har ta kai ƙunar kusa da ta nesa sun daina haɗuwa, injin ya fara barin katako bai huda ba. Sai na ce to kun gani, ai na faɗa muku. Ban lura da hannuna na jawo wannan ba.

Taubashina ya ɗauki hoton takardar da waya ya aika wa mutumin Kano. Amsa ta dawo cewa ɗigon lafiya lau yake, a mayar da madubai yadda suke a daina taɓawa. Na karɓi wayar na rufe ido ɗaya na duba hoton, ga gutsuren nan ƙuru-ƙuru a wurinsa. Na ce shi ma mutumin Kanon a gaggauce ya duba.

"Kai dai," in ji taubashina, "ko Aljanna aka sa ka sai ka kira mai gadi ka ce ƙofar ta ɗan karkace."

Na ce masa ai gara mai duba ƙofa da wanda zai shiga da takalmi. Muka yi dariya, amma ta baki ce. Masu biki sun aiko sau biyu, kuma na ga ransa ya fara ɓaci.

Da ya fita, mai zane ta taso daga kujerarta ta same ni a bakin ƙofa, takardar tana tafin hannuna. Mace ce marar yawan magana, Hausarta irin ta mutanen kudancin jiha, mai saukowa kai tsaye.

"Baba, ta ina ne ya gutsure?"

Na nuna mata da tsinin tsinke, sama ta hagu.

"To ka juya takardan, kansa ya koma ƙasa."

Na tambaye ta me hakan zai ƙara. Ta ce in dai juya. Ta ce ita in tana shakkar zane a kwamfuta juya shi take yi, in karkacewar a jikin zanen take za ta bi shi ta juya. Na juya takardar. A hankalce gutsuren ya kamata ya koma ƙasa ta dama. Na maƙala gilashi na duba. Yana sama ta hagu.

Na sake juyawa, gefe ya koma sama. Yana nan inda yake. Takardar tana zagayawa a hannuna, gutsuren ya ƙi bin ta, kamar tabo a jikin gilashin taga da ake wucewa ta bayansa. Na ce ko gilashin agogon ne ya tsage, na cire shi na duba da ido tsirara. Yana nan.

"Baba," ta ce a hankali, "ka gwada da ɗayan idon."

Shekarun da na yi ina aiki ban taɓa duba aiki da idon hagu ba, har na rasa yadda ake rufe na dama, sai da na sa tafin hannu na danne shi. Na duba. Ɗigo zagayayye, baƙi a tsakiya, gefensa sumul, irin wanda nake cewa ya yi.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ita dai ta ɗebo mini ruwa, ta koma ta zauna ta juya mini baya, na san don kada in ji kunya ne. Da taubashina ya dawo na ce masa injin lafiya yake, ni na ɓata saitin, zan gyara. Ban faɗa masa sauran ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na wuni ina mayar da madubai da idon hagu.

Da la'asar sakaliya na ƙi hawa acaɓa, na tako da ƙafa zuwa gida. Duk abin da na san miƙaƙƙe ne sai in tsaya in rufe idon hagu in dube shi. Turken wutar lantarki ya lanƙwashe a tsakiya kamar rake. Bakin kwanon wani shago ya yi doro. Tayar keke ta lotsa. In na buɗe ido biyu kome ya koma daidai, ashe na hagun ne ke rufa wa ɗan'uwansa asiri, ban san tun yaushe ba. Wannan rashin sanin ya fi kome ci mini rai. Na shiga tuna duk safiyar da na sunkuya cikin injin murfi a buɗe, ina neman wacce ce a cikinsu. Akwai ranar da na bar sukurdireba, ƙarfe mai sheƙi, a kan farantin da ake ɗora katako, ko a kansa hasken ya faɗa ya dawo? Akwai ranar da na ji ɗumi a kumatu. Ko kuwa tartsatsin nan da nake kallo ne ya yi ta ci a hankali? Ko jan ɗigon da aka ce ba ya kome?

Na ɓoye wa mai ɗakina na wasu kwanaki. Amma mutum ba ya iya ɓoye irin wannan a gida, domin na kasa daina gwadawa. In ta ajiye faifai sai in rufe ido in dube shi, in ta miƙo kwano haka, har fuskarta na gwada, na ga kuncinta ya shiga ciki, na yi maza na buɗe ɗayan. Ranar nan tana tankaɗe ta ɗago ta ce, "Malam, wai wa kake kashe wa ido a gidan nan? In ni ce ai ka makara." Na so in yi dariya, sai hawaye ya zo. Na faɗa mata. Ta ajiye rariyar ta ce gobe asibiti, kuma ƙafarta ƙafata.

Likitar idon da muka gani mace ce, Bafulatana, mai haƙurin sauraro. An ɗiga mini magani ƙwayar idon ta buɗe, ta haska ta daɗe tana dubawa. Ta ba ni wata takarda mai layuka a tsaye da a kwance kamar raga, ta ce in kalli tsakiya da ido ɗaya. Da na dama layukan suka lanƙwashe wuri guda kamar an ɗora dutse a kan gidan sauro. Abin da na fahimta daga bayaninta shi ne ruwa ne ya ɗan taru a can bayan idon, daidai wurin da mutum ke ganin ƙananan abubuwa da shi, ya ɗaga wurin. Ta ce ana ganin haka ga maza masu irin shekaruna, musamman masu yawan damuwa da ƙarancin barci. Mai ɗakina ta ce, "Likita, kin gama magana." Ta ce sau da yawa yakan janye da kansa cikin watanni, wani lokaci kuma ya bar saura, ko ya tafi ya dawo.

Na ba ta labarin injin, na tambaye ta ko shi ne. Ta tambaye ni wane irin leza ne, domin suna da iri-iri, kowanne da inda yake taɓawa a ido. Na ce mai cin katako da roba ne, ba ya cin ƙarfe. Ta tambayi wata lamba da ake gane irin hasken da ita, ban sani ba, rubutun da ke jikin injin ma na mutanen Sin ne, kuma rabinsa ya goge. Ta ce a iya saninta irin wannan gaban ido yake ƙonawa ba bayansa ba, kuma da ya taɓa ni da na ji zafi nan take, abin da ta gani kuma bai yi mata kama da ƙuna ba. Amma ta ce tunda ba ta ga injin ba, ba za ta rantse ba. Ta ce in nemi tabarau da aka yi domin irin hasken musamman, ba kowane baƙin gilashi ba, in daina aiki murfi a buɗe, in kuma rage damuwa. Tun daga ranar nake damuwa da yadda zan rage damuwa.

Da na faɗa wa taubashina bai yi wasa ba. Ya tashi da kansa ya zare kwalin nan ya jefar a kwata. Yanzu in zan gwada madubai na ciki, sai in liƙa takarda, in rufe murfi, in danna, in buɗe. Yana cin lokaci amma ana yi. Sai dai madubin farko, na bakin kwalba, a bayan injin yake, ba ya gwaduwa sai an buɗe ƙofar baya, kuma can babu makunnin da ke tsare kowa. In zan gwada shi nakan tsaya gefe, in juya fuska bango, in ce wa mai zane ta danna daga gaba. Taubashina ya sayo mini wani tabarau kore a kasuwa, mai sayarwa ya ce na leza ne. Babu rubutu ko ɗaya a jikinsa. Ina sawa, amma ban sani ba ko kariya ce ko kuwa ƙarfin hali kawai yake ba ni in ƙara matsawa kusa.

Ina cikin wannan sai wani abu ya ƙara rikita ni. Bayan damina ta sauka, injin ya fara barin kusurwar nesa bai huda ba, alhali ban taɓa sukurori ba. Na ƙona takarda na duba da idon hagu, na ga kamar ɗigon ya ɗan yi tsawo, kamar ƙwan zabo. Na juya takardar, tsawon ya bi ta ya juya. A ƙa'idar mai zane wannan na injin ne ke nan. Amma na wuni ban iya buɗe baki ba. Mutumin da ya tsayar da aikin biki a kan gutsuren da ke cikin idonsa, da wane baki zai sake cewa ya ga wani abu? Kuma idon hagun nan baƙo ne a aikin, bai san abin da na dama ya sani ba. Da na kasa haƙuri na kira ta, ta ce kamar ta gani, kamar kuma ba ta gani ba. Taubashina ya ce da'ira ce, amma ya faɗa a sanyaye, ba kamar da ba. Muka tsaya mu uku a bakin ƙofa muna miƙa wa juna 'yar takarda, babu wanda ya yarda da idonsa. Har yau muna rage gudun injin ne in aiki ya kai wannan kusurwar, ba mu san gaskiyar abin ba.

Kwanan baya taubashina ya kawo shawara, ya ce in dawo teburin gaba in riƙa karɓar baƙi, a koya wa mai zane gwajin, tunda idonta biyu lafiya. Ita ma ta ce za ta iya. Na ce a'a. Ba don kishin aiki kaɗai ba, ko da yake ba zan ce babu shi ba. Idan injin ne ya taɓa ni, to na miƙa wa 'yar mutane abin da zai taɓa ta, ita da da ido take ciyar da 'ya'yanta. Idan kuwa ba shi ba ne, to na bar sana'ata a banza saboda tsoro. In kuma na ci gaba, ido ɗaya ya rage mini mai ganin daidai, shi nake kaiwa bakin kwalbar nan kowace safiya. Taubashina ya ce to in yanke shawara kafin aikin ƙarshen shekara ya taso, lokacin da injin ba ya hutawa. Idon dama kuwa, wata rana in ga kamar lanƙwasar ta ragu, wata rana in ga tana nan. Likita ta ce in koma, zan koma.

Saboda haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, in yana da sani ya taimaka. Masu aiki da irin wannan injin, mai doguwar kwalba da ruwa, wanda ke cin katako ba ya cin ƙarfe: haskensa yana iya kaiwa bayan ido ba tare da mutum ya ji zafi ba? Tartsatsin da ke tashi a kan takarda fa, da jan ɗigon? Wane rubutu ko lamba ake dubawa a jikin tabarau a san na gaske ne? Malaman jami'a da masu gyaran injuna: na ji an ce akwai na'urar da ke auna zagayen hasken ta nuna shi a kwamfuta ba sai an dogara da idon mutum ba. In gaskiya ne, ana samun ta a ƙasar nan, ko akwai mai ita da ke zuwa ya auna wa ƙananan shaguna irin namu? In kuma akwai wanda layi ya taɓa lanƙwashe masa a ido ɗaya kamar yadda na kwatanta, ina son in ji ko ya miƙe daga baya, da abin da ya yi. Wanda ya san wani abu ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan, za su isar mini. Don Allah wanda bai tabbata ba ya ce bai tabbata ba, zan fi gane wannan.